Ɗakin Zaurena Da Mutumin Da Ya Fito Daga Gidan Yari

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina sai na jera uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma abin da ya shiga tsakanina da wani ɗan haya a gidana na Kwarbai, wannan kam ba zai bar raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, shekara biyu bayan rasuwar maigidana. Ya bar ni da 'ya'ya mata uku da gidan ƙasa irin namu na cikin birnin Zariya: zaure, shigifa, sai tsakar gida mai rijiya. A jikin zauren akwai ɗaki da 'yar rumfa, shi muke bayarwa haya. Ni kuwa sana'ata dillanci. Matan kulle na unguwarmu da na maƙwabta sukan ba ni kayansu, atamfofi, kwanukan jere, tasoshi, wani lokaci har 'yan kunnen zinariya, in sayar musu ko in ajiye musu har bikin 'ya'yansu ya zo, don wasu ba sa so mazajensu su san abin da suka tara. Ɗaki guda na ware, ƙunshi a kan ƙunshi har kusa da azara. Saboda kayan nan ne ma na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da ɗoriya, na gaji da gane ƙunshi da launin tsumman da na ɗaura masa, ina so in rubuta sunan mai shi da hannuna. Na faɗi wannan ne don a san abin da ke cikin gidan. Amanar mutane ce, da ita nake ci da marayuna.

To, wani ɗalibin jami'a, reshen Kongo na nan Zariya, da ke ɗakin zauren ya gama karatu ya tafi, ga damina ta kawo kai. Wata Talata da hantsi sai ga wata yarinya ta yi sallama, siririya, da goyo a baya. Ta tube takalmi tun daga shigifa, ta durƙusa ta gaishe ni da "Iya", ta ce ta ji ina da ɗaki. Na kai ta ta gani. Ba ta dubi daɓe ba, sama ta ɗaga kai tana duban rufi, ta tambaye ni ko yana yoyo. Ta zo bakin rijiya ta ja guga ta kurɓa. Na ce a raina wannan ta san zaman gida. Na tambayi sana'ar mijinta, ta ce mai aikin riga ne, ɗinkin hannu. Sai ta kwance bakin mayafi ta miƙo mini farin goro guda biyu.

A wurinmu, idan mai neman ɗaki ya miƙa goro, mai gida ya karɓa ya fasa, magana ta ƙare, ɗaki ya zama nasa. Na karɓa, na fasa, na ba ta ɓari na jefa ɓari a baki. Ga kuskurena nan: na ci goron mace kafin in ga namijin.

Bayan la'asar ya zo. Na tsaya a bakin shigifa, shi ya tsuguna a zaure. Ba zai wuce shekara talatin ba, rigarsa ta ji jiki amma a wanke take. Muka gaisa. Na ce gobe su kawo kayansu. Ya riƙa murza hularsa a gwiwa.

"Hajiya, akwai maganar da iyalina ba ta faɗa miki ba. Nauyi ta ji."

"Ina jin ka."

"Wata bakwai ke nan da fitowata daga gidan yari. Shekara biyu na yi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa a baya. Na ce, "Me ka yi?" A raina ina fatan ya ce faɗa ne, ko sharri aka yi masa.

"Sata na yi. Rigunan mutane huɗu da aka ba maigidana aiki, na kwashe na sayar. Caca ce ta ja ni. Ba sharri aka yi mini ba, ni na yi."

Wallahi ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Ni dama ba a san ni da tauna magana ba. Na ce, "Kai, duk faɗin birnin nan ka rasa gidan da za ka nufa sai na dillaliya? Ka san abin da ke cikin gidan nan? Ko dama abin da ya kawo ka ke nan? Tashi ka ba ni wuri!"

Ya tashi, bai yi musu ba. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Gida biyu mun shiga ba mu faɗa ba, sai da muka shimfiɗa tabarma aka ji labari aka fitar mana da kaya waje. Na ce daga nan gara a kore ni tun daga ƙofa." Ya sa takalmi ya tafi.

Daga baya na ji a wani kango suke zaune a bayan masallacin unguwarsu, rabin rufin ya rufta, ruwan farko zai iya ƙarasa shi.

Da farko na ji daɗin kaina, na ce Allah ya tsare ni. Amma goron nan ya tsaya mini a rai. Ni tunda nake ban taɓa fasa goro in janye magana ba, kuma da wannan aka san ni, shi ya sa mata ke miƙo mini zinariyarsu ba shaida. Washegari na je wurin yayan marigayi mijina, wanda shi ne babba a gidansu, na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ki sayi goro huɗu ki aika mata, kin mayar da nata har da ƙari. Gidanki ne. Babu alƙalin da zai tilasta miki ki zauna da ɓarawo."

Na ce, "Yaya, gaskiya ne. Amma da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi."

Ya ce, "To? Don ɓarawo ya ce shi ɓarawo ne sai ya zama liman?"

Na yi dariya ban shirya ba, don maganarsa tana kan hanya. Har na sayi goron a hanyar komawa. Sai dai da na zauna na dube shi, na tuna lokacin da aka zo neman auren babbar 'yata. Ba mu ce e ba, ba mu ce a'a ba, sai da aka bi unguwar yaron gida-gida aka tambayi halinsa, aka tambayi wanda ya yi wa aiki, aka tambayi abokansa. To mutumin da zai kwana a bakin ƙofata ai bai gaza suruki ba. Na ce zan yi masa binciken aure. In ya faɗi, in kore shi da hujja, zuciyata ta huta.

Na tambaya aka kwatanta mini, na yafa mayafi na nufi unguwar Kusfa, wurin maigidansa na da, wanda aka sace wa rigunan. Na same shi a zaurensa, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, almajiran sana'arsa sun kewaye shi kowa da riga a cinya. Da na ambaci abin da ya kawo ni, ya ajiye allura ya sallami mutanensa waje.

Ya ce, "Hajiya, shekara tara yana gabana. Ni na koya masa riƙon allura. Cikin rigunan nan akwai ta ango, saura kwana biyar ɗaurin aure. Kin san abin da ake nufi a ce ango ya zo karɓar riga ka ce babu? Gidaje uku da kakana ya yi wa aiki, ubana ya yi musu, daga ranar ba su sake kawo mini ko hula ba."

Na ce, "Malam, in kai ne, za ka ba shi ɗaki?"

"A'a."

Haka ya faɗa, gajere. Na fara tattara mayafina. Sai ya ce, "Zauna, ban gama ba. Tunda tambaya kika zo yi, ba zan ba ki rabi ba, Allah zai tambaye ni. Ba kama shi aka yi ba. Ya gudu ya bar garin, bayan kwana shida ya dawo da ƙafarsa ya tsuguna a nan inda kike. Ni na kai shi gaban hukuma, don raina ya ɓaci. Tun da ya fito kuma, duk Juma'a sai ya zo ya tsaya a ƙofar nan ya gaishe ni. Ban taɓa amsawa ba. Bai taɓa fasawa ba."

"To cacar fa?"

"Wannan ban sani ba. Ki tambayi 'yan karta, suna nan gindin ganuwa. Amma ai ba wurin zuwan mace ba ne."

Na ce, "Malam, wurin da ba na zuwa kabari ne kawai, shi ma kai ni za a yi."

Na kama hanya. Na same su su biyar a inuwar wata tsamiya, sun shimfiɗa buhu suna ta buga karta. Da suka ga mace da lulluɓi ta tsaya a kansu, ɗaya ya yi sauri ya zauna a kan kartar, wani kuma mai haƙorin gwal ya washe baki ya ce, "Gwaggo, a raba da ke ne?"

Na ce, "In na zauna a nan, har wandonka sai ka bari. Tambaya na zo yi."

Suka fashe da dariya, suka ce Gwaggo ta fi ƙarfinsu. Na kwatanta musu mutumin. Mai haƙorin ya tsuke fuska ya ce, "Wannan? Ai ya zama ustazu. Mu da muka ci muka sha tare, yanzu in ya hango mu sai ya sake lungu. Ranar nan na kira shi, na ce zo ka yi hannu ɗaya don tsohuwar zuma, wallahi ko waiwaye."

Wani ya ce, "Gwaggo, in 'yarki zai aura ki ba shi, ba ya da daɗin zama amma ba ya fita."

Na ce, "Ku kuma Allah ya shirye ku, in ba ku shiryuwa ya raba ku da 'ya'yan mutane." Suka amsa da "Amin, Gwaggo!" kamar na sa musu albarka.

Duk shaidar da na samu, wannan ta 'yan karta ta fi kama ni, don su ba yabonsa suke yi ba, haushinsa suke ji.

Na dawo gida ƙafata ta yi tsami, kuma na san abin da zan yi. Amma akwai wani abu a gabana. Kayan da ke ɗakina ba nawa ba ne, ba ni da ikon in yi kasada da su a ɓoye. Shi mutumin ya faɗa mini gaskiya tun daga ƙofa, ni ma dole in faɗa wa masu kaya. Kwana uku na yi ina shiga gidaje. Duk wadda na samu sai in ce mata, "Zan sa wane a ɗakin zaurena. Ya yi sata, ya yi ɗauri, ya fito. Na bincika, na gamsu. In hankalinki bai kwanta ba, ki aiko a ɗauki kayanki, ba zan ji haushi ba."

Ƙarya na yi, na ji haushi. Wata aminiyata da muka yi shekara ashirin tare ta dafa ƙirji ta ce, "Ke kuwa boko ne ya taɓa miki kai? Tunda kika fara zuwa makarantar nan kike abu kamar ba ke ba." Na ce, "Boko bai koya mini wannan ba, baƙaƙe kawai ya koya mini." A ranar ta sa aka kwashe kwanukanta. Kafin mako ya zagayo, ɗakin da ke cike har azara ya koma rabi. Ina tsaye a tsakar gida ana fita da ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, 'yata ta tsakiya tana hawaye tana cewa, "Inna, a kan wani ƙato za ki kashe mana sana'a?" A lokacin ni kaina ban tabbata ba haukan nake yi ba.

Wata tsohuwa kuma, wadda ban taɓa zaton komai daga gare ta ba, ta saurare ni har na gama ta ce, "Ke na ba ajiya ko shi? Bar mini kayana inda suke." Ban san labarinta ba sai daga baya, ashe ɗanta na fari ma ya taɓa shiga gidan yari, ya fito ya bar garin saboda ba wanda ya yarda ya zauna kusa da shi.

Na aika wa yarinyar cewa su zo. Suka zo ranar Asabar da safe, hadari ya haɗo ta gabas. Kayansu duka a amalanke guda: tabarma, katifa, tukwane biyu, akwatin ƙarfe. Yayan mijina ya zo shi ma, ya tsaya a waje da sandarsa. Ya ja ni gefe ya ce, "Tunda kin ƙi ji, to ki kira magini ya toshe ƙofar ɗakin ta cikin zaure, a fasa masa wata ta titi. Ya shiga ya fita ba ruwansa da gidanki."

Dalilin maganarsa shi ne, a gidajenmu na birni, musamman gidan da babu namiji, wanda ke ɗakin zaure shi ke riƙe da mukullin ƙofar gida. Shi ke buɗewa in zai tafi masallaci da asuba, shi ke amsa sallamar maza, shi ke rufewa. Ɗalibin da ya tashi haka ya yi, wanda ya gabace shi ma haka. Duk unguwa an san wannan, kuma duk unguwa ido aka zuba a ga abin da zan yi. Har matan maƙwabta sun leƙo ta kan katanga.

Na shiga ciki na ɗauko mukullin, babba ne na ƙarfe da igiyar fata. Na fito zaure na miƙa masa. Ya dube shi, ya mayar da hannuwansa baya.

"Hajiya, ki riƙe abinki. Ɗakin ma ya ishe ni. In wani abu ya ɓata, kada zuciyarki ta wahala a kaina."

Na ce, "Kai, saurara. Ban yi yawon Kusfa da gindin ganuwa don in ajiye ka ina kwana da ido ɗaya a buɗe ba. In ban yarda da kai ba, ɗauki amalankenka tun ruwa bai sauko ba. In kuwa za ka zauna, to yadda kowa ya zauna a ɗakin nan haka za ka zauna. Miƙo hannu."

Ya miƙo hannu biyu ya karɓa. Matarsa ta juya fuska jikin bango, kafaɗunta suna motsi, goyon yana ta wasa da bakin mayafinta. Yayan mijina ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Allah ya sa kada mu ji kunya," ya tafi. Ba su gama shigar da katifa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina jin yarinyar daga ɗakin tana ce wa mijinta, "Duba, ko ɗigo babu."

Shekara goma sha ɗaya suka yi a gidana. Ba zan ce muku ya zama waliyyi ba. Mutum ne mai miskilanci, in ransa ya ɓaci sai ya yi kwana biyu gaisuwa kawai, kuma sau da yawa muna faɗa a kan awakin matarsa da ke cinye mini zogale. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Akwai ranar da wani faranti ya ɓata a ɗakin ajiya, kafin in yi tunanin kowa zuciyata ta tafi zaure. Ban furta ba, amma na san ya gani a fuskata, don a ranar bai ci tuwon da na aika musu ba. Bayan kwana biyu mai farantin ta aiko cewa ita ta ɗauka ranar da ta zo ba na nan, ta manta ba ta faɗa ba. Na je bakin ɗakinsa na ce, "Na zarge ka a raina, ka yafe mini." Ya ce, "Hajiya, ni na jawo wa kaina." Ba mu sake tayar da maganar ba.

Matan da suka kwashe kayansu, wasu sun dawo bayan shekara, wasu bayan uku, suna kame-kame wai dama wuri ne ya yi musu kaɗan a gida. Na karɓa ban ce komai ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi. Aminiyar nan tawa kuwa ba ta dawo da ko cokali ba har ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma ban riƙe ta ba, kayanta ne. Shi kuma a zauren nan ya riƙa zama da allurarsa, tun ana kawo masa hula ɗaya-ɗaya ana tsayawa a kansa, har aka fara barin masa manyan riguna a tafi. 'Ya'ya huɗu aka haifa musu a ɗakin. Da suka yi yawa ya sami fili a bayan ganuwa ya gina nasa. Rigar da mijin autata ya sa ranar ɗaurin aure, aikinsa ce.

Yanzu idan ana gardama a gabana, wai mai gida yana da ikon ya hana wanda ya taɓa ɗauri haya ko ba shi da shi, nakan ce yana da shi mana. Gidansa ne, iyalinsa ne a ciki, kuma akwai laifin da in mutum ya yi ko ni ba zan bari ya kwana kusa da 'ya'yana ba. Bayan wannan mutumin ma na hana mutum biyu ɗaki, kuma ba wanda ya taɓa ganin ƙofar gidan yari a cikinsu, halinsu ne bai yi mini ba. Abin da na koya shi ne, jin cewa "ya taɓa ɗauri" ba bincike ba ne, farkon tambaya ne. Me ya yi? Wa ya yi wa? Me yake yi tun da ya fito? Amsar nan ba ta zuwa ta same ka a kan tabarma, sai ka sa takalmi ka je ka nemo ta, har wurin wanda ba ya ƙaunarsa. In ka nemo ka ga bai yi ba, ka hana shi da hujjarka, ba wanda zai zarge ka. Amma alƙali shekara biyu ya yanka wa mutumin nan, ya kuma yi su cif. Ni da ko aji huɗu ban gama ba, na kusa in ƙara masa ɗaurin rai da rai ina tsaye a bakin shigifa, ban tambayi kowa komai ba. Na gode wa Allah da bai bar ni na yi ba.